Idan Had-dis Ya Faɗi: Yadda Ake Ceto Abin da ke Cikinsa

Daga Tambuwal zuwa Kebbe, da garuruwan da ke kewaye irin su Dogon Daji, Jabo, Sanyinna da Kuci, akwai mutanen da duk jarinsu yana cikin ɗan ƙaramin had-dis da ake jonawa da wayar USB. Akwai mai ɗaukar hoton biki da suna, akwai mai tura fina-finai da waƙoƙi da wa'azi ranar kasuwa, akwai mai shagon buga takardu da ke riƙe da sakamakon jarrabawar makarantu, akwai kuma wanda ya yi shekaru yana naɗar tafsirin malaminsa duk watan azumi. Rana guda yaro zai ja waya had-dis ya faɗo daga tebur, ko ya sha jijjiga a cikin jaka a bayan babur, ko ruwan damina ya yi masa yoyo ta rufi. A jona shi, kwamfuta ta ƙi ganinsa.

A mafi yawan lokuta, a wannan sa'ar bayanan suna nan daram. Abin da ke hallaka su shi ne abin da mai shi zai yi daga baya: ya cire ya sake jonawa, ya kai wa maƙwabci ya gwada a tasa kwamfutar, ya ɗan bubbuga shi, daga ƙarshe mai gyaran waya ya kwance shi don ya ga abin da ke ƙara. Don haka aikin farko shi ne ka zare wayar, ka ajiye shi, ka bar hankalinka ya kwanta.

Abin da ke cikin kwanson

A ciki akwai faifai ɗaya ko biyu ko fiye, masu sheƙi, waɗanda aka shafe da sinadarin maganaɗisu. A ƙananan had-dis masu faɗin inci 2.5, waɗanda suka fi yawa a hannun mutane, faifan yana juyawa sau 5,400 a minti ɗaya. Manya masu inci 3.5, waɗanda ke da nasu adafta na wuta, wasu suna kai 7,200. A saman kowace fuska ta faifai akwai allurar da ke karatu da rubutu, kuma ba ta taɓa faifan. Iskar da juyawar ke tayarwa ce ke ɗauke da ita, tana shawagi a tazarar 'yan nanomita kaɗan. Kaurin silin gashin mutum ya fi wannan tazara sau dubbai, haka ma ƙwayar ƙurar hunturu ta fi ta nesa ba kusa ba.

Idan had-dis yana kashe, allurar tana komawa gefe ta huta a mazauninta, shi ya sa wanda ya faɗi a kashe yakan tsira. Wanda ya faɗi yana cikin aiki kuwa, allurar na iya dukan faifan, ta lanƙwashe ko ta maƙale. Duk lokacin da ka sake ba shi wuta, lanƙwasasshiyar allurar nan tana kankare fuskar faifai, ƙurar da ta kankaro kuma tana yawo a ciki tana ƙara ɓarna. Wurin da aka kankare ya tafi ke nan har abada, babu injiniyan da zai dawo da shi a duniya.

Kunne ne kayan gwajin farko

Ka sami ɗaki mai shiru, ka kashe fanka da janareta idan da hali, ka ɗora had-dis a kan tebur mai ƙarfi. In dai bai jiƙe ba, ka jona shi sau ɗaya, ka kara kunne na kamar daƙiƙa goma sha biyar.

Idan ka ji faifai ya tashi sumul, aka ɗan yi ƙaras-ƙaras sannan ya daidaita, injin cikinsa yana da rai, kuma akwai abin da za ka iya yi da hannunka. Idan ka ji ƙas, ƙas, ƙas a jere, wani lokaci ya tsaya ya sake tashi, allura ce ta kasa karatu. Idan wani siririn kuka yake yi, ko zuu-zuu, amma faifai bai juya ba, ko dai allura ta manne da faifai ko injin juyawa ya cije. Idan ƙarar gurza ka ji, ana cin faifan ne a daidai wannan lokaci. Idan kuma ka ɗaga shi a hankali ka ji abu na kacau-kacau a ciki, kada ma ka ba shi wuta, domin fayafayen ƙananan had-dis da yawa na gilashi ne, suna tarwatsewa.

Abu ɗaya ne ke iya ruɗar kunne. Ƙarancin wuta ma yana sa had-dis mai lafiya ya yi ƙas-ƙas ko kuka, musamman idan wayar ta tsufa ko ta yi tsawo, ko an jona ta a ramin gaban kwamfutar tebur. In dai had-dis ɗin bai faɗi ba, ka canza waya gajera mai kyau, ka jona a ramin baya, ka gwada sau ɗaya. In ya faɗi kafin ƙarar ta fara, bar wannan gwajin ma. Ƙas-ƙas, kuka da gurza bayan faɗuwa duk aikin ƙwararre ne.

Idan shiru ka ji

Shiru ya fi ƙara daɗin ji, domin sau da yawa matsalar tana waje, kuma ita ce mafi arha. Bakin da ake cusa waya a jikin had-dis yana da rauni ƙwarai. Wanda ke cirewa da sawa sau da yawa a yini, kamar mai tura fina-finai, zai ga ya fara girgiɗi, daga baya ya ɓalle. A nan gyara ya danganta da irin had-dis ɗin. Yawancin na Seagate, idan aka ɓare kwanson roba na waje, za a tarar da had-dis na yau da kullum mai bakin SATA, da wani ɗan fanel da ke haɗa shi da USB. Sai a zare ɗan fanel ɗin, a sa had-dis a sabon kwanso ko a jona shi kai tsaye cikin kwamfutar tebur. Ana samun irin wannan kwanso a shagunan kwamfuta a Sakkwato, ko a yi saƙonsa daga Kano. Amma WD My Passport da WD Elements ƙanana, da Toshiba Canvio da yawa, bakin USB ɗinsu a liƙe yake da fanel ɗin had-dis ɗin kansa. Waɗannan sai an sami mai hannu a dalma ya sake liƙa bakin. Mai gyaran waya da ya ƙware zai iya, muddin aikinsa ya tsaya a kan fanel.

Ka lura da bambancin nan da kyau: ɓare kwanson roba ba laifi ba ne, sai dai ya kashe garanti. Kwance murfin ƙarfe mai ɗauke da takardar kamfani, wanda fayafayen ke ƙarƙashinsa, shi ne abin da ba a yi a shago ko a gida, ko da na minti ɗaya ne.

Akwai kuma tarkon da ke kama masu WD My Book. Da yawa daga cikinsu ɗan fanel ɗin USB ne ke rufe bayanai da lambar sirri yayin rubutawa, ko da mai shi bai taɓa sa kalmar sirri ba. Idan ka zare had-dis ka jona a wani wuri, kwamfuta za ta nuna kamar babu komai a ciki, har ta nemi ka shirya shi sabo. Kada ka amsa mata, kada kuma ka yar da tsohon fanel ɗin.

Manyan had-dis masu adafta suna da nasu ciwon. Wutar da suke sha bolt 12 ce, cajar laftof kuwa yawanci 19, kuma bakinsu kan yi kama. A shagon da wayoyi suka cakuɗe, kuskure ɗaya ya isa, haka ma hawa da saukar wutar janareta ko tsawar damina. Alamar ita ce shiru da ɗan warin ƙuna. A kan fanel akwai wasu ƙananan dayod na kariya da aka sa don su ƙone a madadin sauran. Mai gyara zai auna da mita, in ya tabbatar ɗaya ya haɗe, ya cire shi, sau da yawa had-dis zai tashi. To amma ya rasa garkuwarsa, don haka a kwashe abin da ke ciki nan take da adafta mai kyau. Idan fanel ɗin ya ƙone gaba ɗaya, sayen irinsa a ɗaura kawai ba ya aiki a had-dis na zamani. Kowane ɗaya yana da bayanan saiti nasa shi kaɗai, a cikin wani ɗan guntu mai ƙafa takwas ko a cikin babban guntun fanel ɗin, kuma dole a mayar da su kan sabon.

Maganin da ake yaɗawa wanda ke kashewa

Za ka ji an ce a sa shi a firji ya kwana. Idan aka fito da shi cikin zafinmu, raɓa za ta kwanta a kan faifai, allura ta bi ta kai. Za ka ji an ce a mare shi don allura ta saki. Tana iya saki, ta tafi da fatar faifai. Wanda ya faɗa ruwa kuma ana cewa a binne shi cikin shinkafa ko a shanya a rana. Jikin had-dis yana da ɗan ramin shaƙar iska, ruwa na shiga ta nan, in ya bushe a ciki sai ya bar laka da gishiri manne da faifai. Abin da ya dace shi ne a goge bayansa, a ƙulle shi cikin leda da damshinsa, kada a ba shi wuta, a aika shi da gaggawa.

Ita ma Windows tana da nata shawarwarin. Idan ta ce a yi fomatin, ka ƙi. Idan ta ce za ta duba ta gyara kurakurai, ka ƙi. Manhajar chkdsk tana rubutu a kan had-dis yayin gyara, tana kuma tilasta wa allura mai rauni aiki na sa'o'i.

Idan yana juyawa lafiya amma yana cijewa

Wannan shi ne halin da aka fi samu: kwamfuta tana ganinsa, amma folda ba ta buɗewa sai da ƙyar, ko kwafi ya tsaya a tsakiya. Manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana karanto rahoton lafiyar da had-dis ke ajiyewa game da kansa. Ka duba layi mai lamba 05, da C5, da C6. Idan suna ɗauke da adadi sama da sifiri, gurabe sun fara mutuwa a fuskar faifai, kuma abin yakan ci gaba ne.

In abin da kake buƙata ƙalilan ne, misali foldar biki guda da ba ka miƙa wa masu shi ba, ka fara kwafe ta zuwa wani wuri. Da zarar ta cije, ka dakata. In kuwa komai kake so, ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce a ɗauki kwafin had-dis ɗin ɗungurungum, gurbi bayan gurbi, sannan a yi duk wani bincike a kan kwafin. Kuskuren da ake yawan yi shi ne sakin manhaja irin Recuva kai tsaye a kan mara lafiyar. An yi ta ne don fayilolin da aka goge a had-dis mai lafiya, tana iya ƙarasa mai rauni.

Manhajar da ta dace ita ce GNU ddrescue, wadda Antonio Diaz Diaz ya rubuta, kuma kyauta ce. Dabararta ita ce ta fara kwashe duk wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, ta tsallake masu wahala, sai daga baya ta dawo musu. Tana kuma rubuta taswirar inda ta tsaya. A ganina wannan taswira ce ta sa manhajar ta dace da mu fiye da kowace: in wuta ta ɗauke ko man janareta ya ƙare, gobe za ta ci gaba daga inda ta tsaya, ba sai an sake wahalar da faifai daga farko ba.

Za ka buƙaci sabon had-dis da ya fi mara lafiyar girma, mai tsarin NTFS, domin FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gigabait 4. Za ka kuma buƙaci filashi da aka ɗora wa SystemRescue, wani tsarin Linux da ke zuwa da ddrescue a ciki, wanda kuma ba ya taɓa had-dis sai an umarce shi. Wanda bai saba da Linux ba ya nemi ɗalibin kwamfuta na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko na jami'ar Aliero ya zauna tare da shi. Bayan kwamfuta ta tashi daga filashi, ka jona sabon had-dis, sannan mara lafiyar, ka rubuta:

lsblk -o NAME,SIZE,MODEL

Za ta jero kowane had-dis da sunansa da girmansa. A ce mara lafiyar shi ne sdb, sabon kuma sdc. Ka rubuta wannan a takarda, ka sake dubawa, domin sunayen suna canzawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta, har ma daga kunnawa zuwa kunnawa. Sai ka buɗe sabon:

mkdir /mnt/sabo

mount /dev/sdc1 /mnt/sabo

Sannan zagayen farko, mai kwasar na sauƙi:

ddrescue -n /dev/sdb /mnt/sabo/kwafi.img /mnt/sabo/taswira.log

Allo zai riƙa nuna kashi nawa cikin ɗari aka samu. Had-dis mai terabait 1 da ke da lafiya yakan ɗauki kamar sa'a uku ta USB 3, mara lafiya kuwa yana iya cin kwanaki. Idan zagayen farko ya ƙare kuma babu wata baƙuwar ƙara, sai a koma wa wuraren da aka tsallake:

ddrescue -d -r2 /dev/sdb /mnt/sabo/kwafi.img /mnt/sabo/taswira.log

Kada ka matsa fiye da haka. In an sami kashi 99 da ɗoriya, ragowar sau da yawa ba ta kai darajar haɗarin ba.

Yanayin wurin aiki yana da muhimmanci sosai a nan yankin. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40 a ƙasar Sakkwato, had-dis kuma yawanci an gina shi ne ya yi aiki ƙasa da digiri 55 zuwa 60, ga shi yana ƙara nasa zafin. Ka yi aikin da dare ko da asuba, ka kunna masa ƙaramar fanka, kada ka ɗora shi a kan katifa ko darduma. Ka yi amfani da laftof mai batir mai kyau ko wutar sola, domin ɗaukewar wuta ana cikin karatu tana girgiza allura. Ka hana yara kusantar tebur. Kuma ka zauna kusa: in ƙas-ƙas ya fara ana cikin kwafi, ka danna Ctrl da C, ka zare shi. Abin da aka riga aka samu yana nan a kwafin.

Da an gama, mara lafiyar ya koma aljihun tebur. Daga kwafin za a fitar da fayiloli, kuma zuwa wani wuri na uku ko sauran filin da ke cikin sabon had-dis. TestDisk, ta Christophe Grenier ɗan ƙasar Faransa, tana buɗe kwafin ta nuna foldoji da sunayensu in tsarin bai lalace sosai ba. In ya lalace, 'yar'uwarta PhotoRec tana tsinto hotuna, bidiyo da takardu ta hanyar gane siffarsu, sai dai za su fito babu suna babu folda. Ga mai hoton biki wannan aiki ne ja, amma ranar da aka ɗauki hoto tana nan a jikinsa, da ita zai rarrabe bikin wane da na wane. DMDE da R-Studio suna aiki a Windows, kuma sun fi iya dawo da sunaye, amma cikakkensu na kuɗi ne.

Lokacin miƙa shi ga ƙwararre

Canza allura aiki ne da ake yi a kan teburi na musamman mai tace iska. Ana sayo wani had-dis iri ɗaya sak, a cire allurarsa a dasa wa mara lafiyar, sannan a karanta shi da na'ura irin PC-3000 ta kamfanin ACE Lab, wadda ke iya kashe allura mai rauni ta karanta da sauran. Aikin yana da ban mamaki idan faifai bai kankaru ba. Lokacin da kumbon Columbia na Amurka ya tarwatse a 2003, an tsinci wani had-dis na Seagate mai megabait 400 a cikin ɓaraguzansa, ya ƙone ya narke ta waje, amma kamfanin Kroll Ontrack ya fitar da kusan kashi 99 na bayanan gwajin kimiyyar da ke ciki, saboda sashen faifan da ke ɗauke da su bai lalace ba.

Masu irin wannan kayan aiki a Najeriya an fi samunsu a Legas da Abuja. Amma allon talla ba shaida ba ne, ko a Computer Village ta Ikeja ne. Kafin ka aika, ka yi tambaya ta waya. Suna da teburin tace iska, kuma za su nuna maka hotonsa? Su ke aikin ko turawa suke wani wuri? Za su ba ka jerin fayilolin da suka samu kafin ka biya? In ba a sami komai ba, nawa za ka biya? Kuɗin had-dis ɗin da za a cire wa allura yana cikin cinikin? Wanda ya yi maka alkawarin tabbas zai dawo da komai tun bai ga had-dis ɗin ba, ka nemi wani. In naka na Seagate ne, ka duba kwalinsa, domin wasu suna zuwa da hidimar ceto bayanai ta kamfanin mai suna Rescue na wani wa'adi. Garanti na yau da kullum kuwa had-dis kawai yake musanyawa, ba ruwansa da abin da ke ciki.

Ka faɗa musu gaskiyar duk abin da ya faru: daga ina ya faɗo, yana kunne ko a kashe, sau nawa aka gwada shi, an buɗe shi ko ba a buɗe ba. Ɓoye wannan yana iya sa su ba shi wuta a lokacin da bai kamata ba. Ka kuma rubuta musu foldojin da suka fi muhimmanci, don su fara da su.

Tafiyar ma tana buƙatar shiri. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kusan kilomita 100 ne, na Kebbe kuma ya fi haka, kafin a kama doguwar hanya. Kada ka miƙa wa direba a tasha a cikin leda. Ka naɗe shi da soso ta kowane gefe, kauri kamar yatsa biyu ko uku, ka sa a kwali mai ƙarfi yadda ba zai motsa ba, tare da kwansonsa da wayarsa da adaftarsa. Ka ɗauki hoton takardar jikinsa mai lambar siriyal kafin ya bar hannunka.

Akwai batun amana da bai kamata a yi wasa da shi ba. Had-dis ɗin mai hoto yana ɗauke da hotunan matan mutane a cikin gidajensu, na mai shagon buga takardu kuma yana da lambobin NIN da takardun asibiti. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora nauyin tsare irin waɗannan a kan wanda ya tara su, addini ma ya riga ya ɗora. Ka nemi alkawari a rubuce cewa za su goge kwafinsu bayan ka karɓi naka.

Bayan an samu

Ka buɗe fayilolin da kanka kafin ka ce an gama. Bidiyo yana iya nuna girmansa daidai amma ya tsaya a tsakiya, don haka ka ja shi gaba ka duba wurare da dama. Ka ajiye su a wuri biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida, takardu masu muhimmanci kuma ka ɗora su a Google Drive, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta. Sabon had-dis ɗin da ka saya ka gwada shi da H2testw kafin ka dogara da shi, domin akwai na jabu a kasuwa da ke nuna terabait 2 alhali ɗan memori ne kawai a cikin kwanson.

Tsohon kuwa, ko da ya dawo yana aiki, kada ka sake zuba masa kaya, kada kuma ka sayar da shi ko ka ba 'yan gwangwan da hotunan mutane a ciki. Ka riƙe shi wata guda har ka tabbatar babu abin da ya rage, sannan ka kwance murfin ƙarfen, ka ciro fayafayen, ka naɗe su a tsumma mai kauri saboda tartsatsin gilashi, ka farfasa su da guduma.